TASWIRAR GARZUMAI

Shafi na 27

Jama'a ku yi haƙuri, hadari ne ya yini jiya a kanmu, bai zuba ba, bai kuma bar rana ta taɓa sola ba, wayata ta mutu murus. Masu zagin Barira a kan ta yi shiru, ku matso kusa, yau da ku nake.

*

Ko takalmi Barira ba ta tsaya nema ba, hijabin sallar la'asar ɗin da ke jikinta ta fito da shi. Gonar dawa ɗaya ce tsakanin gidan mijinta da na mahaifinta, amma da tsohon cikin nan sai da ta tsaya a tsakiya ta dafa kara, numfashinta na fita sama-sama.

Tun daga nan take jiyo hayaniyar maza.

Ba ta bi ta ƙofar gida ba. Ta kewaya ta kafar dangar baya, ta ratsa tsakar gida, ta raɓe a cikin zaure inda take hango waje ta gefen asabari.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!

Uwaisu ne, ƙaninta, a durƙushe a tsakiyar fili, an ɗaure masa hannu ta baya da igiyar shanu. Leɓensa ya fashe, rigarsa ta yage daga kafaɗa. 'Yan sintirin Ɗorawar Malam sun zagaye shi da gorori da bindigogin toka, bayansu kuma mutanen gari, har da waɗanda jiya-jiya suke kai masa cajin waya suna ce masa injiniya.

Nababa, shugaban sintirin, yana tsaye a kansa, idanu jajur. Tun ranar kasuwar Shanono da mahara suka shigo da rana tsaka suka kwashi mata a bakin ƙorama, ciki har da 'yarsa Asiya, bawan Allahn nan bai san barci ba.

Wanda ya riƙe bakin igiyar kuwa Iliyasu ne, mataimakin Nababa. Mijinta.



Mahaifinsu, Malam Muhammadu Sani, yana zaune a kan buzunsa a gindin zaure, carbi a hannu, amma yatsun ba sa motsi. A gabansa aka ajiye kwamfutar Uwaisu a kan tabarmar ɗalibai.

"Kunna ta," in ji Nababa.

"Kawu, hannuna a ɗaure yake."

"Iliyasu, sassauta masa ɗaya."

Uwaisu ya kunna ta. Fuskar kwamfutar ta kawo haske, mutane suka turo kai.

"Kai! Ga masallaci!"

"Wallahi ga rijiyar gidanmu!"

"Har da kukar maƙabarta, jama'a! Har da burtali!"

Ɗorawar Malam ce kwance a ciki kamar an kalle ta daga saman rimi. Kowace danga, kowane rumbu, kowace 'yar hanyar da ta ratsa tsakanin gona da gona.

"Mene ne wannan?" Nababa ya tambaya a hankali, kuma wannan a hankalin ya fi tsawa ban tsoro.

"Gem ne, Kawu. Wasa ne na waya. Gasa aka sa ta matasa a Kano, wanda nasa ya yi kyau za a ɗauke shi aiki. Kowa ya san halin da ake ciki, ko takin bana ba mu iya saya ba. Na ce bari in..."

"Ban tambaye ka taki ba. Waɗannan fa?"

Wasu halittu ne suka sauko a gefen taswirar. Dogaye, hannu huɗu-huɗu, babu ido a fuskarsu, jikinsu duk zane.

Wani tsoho ya ja da baya yana a'uziyya.

"Aljanu yake kira!"

"Ba aljanu ba ne, Baba, ni na ƙirƙire su. Garzumai sunansu. Daga wata duniya suke, wadda ruwan sama ya daina sauka a cikinta. Ba su san noma ba, ba su san ciniki ba, yaƙi kaɗai suka sani. Ranar da aka haifi ɗansu ake ba shi makami. Wanda ya fi tabo a jiki shi ne sarki. Ba sa gani, ta tafin ƙafa suke jin motsin mutum a ƙasa. Kuma ba dukiya suke nema ba, mutane suke ɗauka, waɗanda suka iya shuka, su je su raya musu ƙasarsu."

"Mutane suke ɗauka," Nababa ya maimaita.



Uwaisu ya gane abin da ya fito daga bakinsa, ya yi saurin cewa, "A'a Kawu, mai buga wasan shi ne mai kare gari! Shi ya sa na sa garinmu. Ina so yaron birni ya riƙe waya ya kare Ɗorawar Malam, ya san muna nan. Kuma mata ne ke cin yaƙin. In suka haɗa turame suka yi lugude, ƙasa ta ɗauki rawa, Garzumai sai su rikice su kasa jin komai, sai maza su far musu. Wallahi wasan kare gari ne."

Hawaye suka zubo wa Barira.

Luguden nan ita ta kawo shi. Zanen jikin Garzumai ma ita ta yi, da hannun nan nata na ƙunshi da amaren yankin ke layi a kansa. Uwaisu ya ce shi ya iya lissafin kwamfuta amma in ya zana akuya sai ta fito jaki, ya kawo mata, suka yini suna dariya. Ita ta ce a cire musu ido. Ita ta ce a ƙara musu hannu.

"Nuna min jan layin," in ji Nababa.

Uwaisu ya janye hannunsa daga kwamfutar.

"Iliyasu ya ce akwai jan layi. Nuna min."

Kan Barira ya sara. Iliyasu ya ce?

Uwaisu ya danna. Wani jan layi ya taso daga bayan ƙorama, ya shige cikin dawa, ya bi bayan maƙabarta, ya kauce wa rumfar 'yan sintiri, ya faɗo daidai mashayar da mata ke wanki.

Wani ya saki salati da ƙarfi.

"Nan suka biyo! Na rantse da Allah nan suka biyo, ni na bi sawun baburansu!"

"Wa ya ja layin nan?"

"Ni ne, Kawu. Amma ka tsaya ka ji. Gem ba ya daɗi in abokin gaba wawa ne. Dole in koya wa Garzumai wayo, dole su san inda gari ya fi rauni, shi ne mai wasan zai san inda zai toshe. Sai na zauna na yi tunani, in ni ne sarkinsu ta ina zan shigo."

"Da yaushe za ka shigo?"

Uwaisu ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake!"

"Ranar kasuwa. Lokacin da maza suka tafi."

"Wa ya faɗa maka ranar kasuwa rumfar gabas ba kowa?"

"Ku ne, Kawu. A shagona kuke hira in kun kawo caji. Ni ban ɗauka..."

Gorar wani ta sauka a bayansa. Barira ta toshe bakinta da hijabi don kada ihun ya fito.

"Kada a sake taɓa shi a ƙofar gidana."

Malam ne ya yi magana, bai ɗaga murya ba. Mai gorar ya ja da baya yana huci.

"Nababa, na san abin da ke cin ranka. Asiya a gabana ta sauke, 'yata ce. Amma a kai yaron nan hukuma a bincika."

"Hukuma ta yi nisa, Malam. Asiya tana daji yanzu haka. Ban sani ba ko ta ci abinci, ban sani ba ko..." Ya kawar da kai. "Kwazazzabo za mu kai shi. A can zai tuna sunayen abokansa."

Kowa a wajen ya san kwazazzabo. Ba a taɓa kai mutum can an dawo da shi ba.

Barira ta jingina da bangon zaure.

To masu zagi, ga abin da take ɗauke da shi a ranta.

Kafin harin, Uwaisu ya bar kwamfutar a ɗakinta don ta ƙarasa zanen sarkin Garzumai. Da hantsi Iliyasu ya shigo, ya turo ƙofa, ya zaro wata babbar waya sabuwa fil daga cikin riga. Ba ta taɓa ganinta ba. Duk garin an san shi da 'yar ƙaramar mai madanni wadda aka ɗaure da roba.

"Wani abokina ne ya ba ni, kada ki faɗa wa kowa, kin san mutane da baki. Tura min wasan ƙanin nan naki in ga abin da yake yi."

Ita kuwa daɗi ya kama ta. Mutumin da kullum yake cewa aikin banza ne yau shi ke tambaya! Da hannunta ta tura, yadda Uwaisu ya koya mata. Har tana nuna masa, ka ga wannan zanen nawa ne, ka ga nan ake shiga a ga hanyar Garzumai.

Bai kalli zanen ba. Jan layin ya tsura wa ido.

Ranar kasuwa kuma, ta haɗa wankinta za ta bi su Asiya ƙorama, ya tare ƙofa ya ce yau ba inda za ta, ta kulle gida ta zauna. Ta ce me ya faru? Ya ce haka ya ga dama.

Tun ranar take korar tunanin nan kamar mai korar kaji daga shanya, ta kora ya dawo. Uban abin da ke cikinta ne fa. Ku da kuke cewa da ku ne da tuni kun faɗa, Allah kada ya gwada ku.

"A ɗauko min Alƙur'ani," in ji Malam.

Aka miƙo gafaka daga cikin ɗakin karatu. Barira ta lafe a bango har mai ɗaukowar ya wuce. Malam ya sa aka kawo buta, aka kwance Uwaisu ya yi alwala, jini na bin ruwan.

"Nababa, in ya dafa ya rantse, ka yarda?"

Nababa ya daɗe yana kallon gafakar. Duk zafin kansa, a gaban Malam ya yi karatu.

"Na yarda. Amma ni zan faɗi abin da zai rantse a kai."

"Faɗi."

"Ya rantse bai ba mahara taswirar nan ba."

"Na rantse, wallahi na..." Uwaisu ya miƙa hannu da sauri.

"Ban gama ba. Ya kuma rantse kwamfutar nan ba ta taɓa kwana a hannun kowa ba sai nasa. In ta taɓa, ya faɗi sunan mutumin, mu sake shi mu kama wancan. Layin nan bai tashi da ƙafarsa ya tafi daji ba."

Hannun Uwaisu ya tsaya a iska.

Barira ta ga idonsa ya zo kan asabarin zaure. Ya gan ta. Ya ga gefen hijabinta, ya ga cikin da ya turo. Ya ɗan girgiza mata kai, kaɗan, yadda ba wanda zai lura.

Sannan ya janye hannunsa ya ɗora a cinya.

"Uwaisu," in ji Malam. "Dafa."

"Ba zan iya ba, Baba."

"To faɗi sunan."

"Ba zan iya ba."

Wajen ya kaure.

"Kun gani ko!"

"Infoma ne!"

"Ɗan malam guda, tir!"

Malam ya rufe ido. Carbin ya zame daga hannunsa ya faɗi a kan buzu, bai ɗauka ba.

"A tayar da babur," in ji Nababa.

Iliyasu ya fizgi igiyar ya mayar da ɗaurin, ya ja sosai har Uwaisu ya yi ƙara. Da ƙwazo yake yi, ya fi kowa ƙwazo. Aka buga babur sau ɗaya bai tashi ba, aka sake bugawa ya ɗauka.

Barira ba ta san lokacin da ta yaye asabarin ba.

"Ku tsaya!"

Maza suka waiwayo. Mace mai tsohon ciki, ba takalmi, a tsakiyar taron maza a ƙofar gidan malami. Wasu suka kawar da kai don kunya.

"Yaya Barira, koma ciki!" Uwaisu ya yi ihu. "Don Allah ki koma!"

"Ke," in ji Malam. 'Yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba. "Me ya fito da ke?"

Ta durƙusa da ƙyar a gefen tabarma.

"Baba, a ɗakina ta kwana. Ni ya bar wa. Ni na tura wasan a wata waya."

"Ƙarya take yi, Kawu! Don ta cece ni ne!"

"Rufe mana baki." Nababa ya matso, ya rage tsawo har ta ga jijiyoyin idonsa. "Barira, ke ƙawar Asiya ce. Ke kika yi mata ƙunshin salla. Wayar wa?"

Bakinta ya buɗe, sunan ya ƙi fitowa. Tunda aka kai ta gidansa ba ta taɓa furta shi ba, ko a bayan idonsa. Sai ta ɗaga hannu ta nuna mai riƙe da igiya.

"Maigidana."

Mai babur ya kashe babur.

 Idanu suka koma kan Iliyasu gaba ɗaya.

Shi kuwa ko gezau. Ya saki wani ɗan murmushi na tausayi, ya girgiza kai, ya sa hannu a aljihu ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa mai roba, ya ɗaga ta sama.

"Jama'a, ga wayata. Wa ya taɓa ganina da wata?"

Mutane suka kalli juna.

"Uwaisu, kai kake min caji. Ka taɓa ganina da babbar waya?"

Uwaisu ya kalli yayarsa, ya kalli ƙasa. "Ban taɓa ba."

"Wannan tana ɗaukar gem?"

"Ba ta ɗauka."

"To kun ji." Ya mayar aljihu. "Ban ga laifin matata ba, wallahi. Ciki ɗaya suka fito. In aka ce a zaɓa tsakanin ɗan'uwa da miji, na san inda mace za ta faɗa. Ga kuma nauyin da take ɗauke da shi, kwanan nan ko barci ba ta yi, sai surutai."

Kawuna suka fara gyaɗawa. Barira ta tsura wa mijinta ido. Yau ta tabbatar. Duk korar da take yi wa tunanin nan, yau ya zauna daram, don mai gaskiya ba ya musun wayar da ta gani da idonta.

"Baba, ba ni Alƙur'anin. Da alwalata. Zan dafa."

Malam ya ɗago gafakar.

"A'a, Baba Malam."

Iliyasu ne, cikin ladabi, har da ɗan rusunawa.

"Ka fi ni sani, a garin nan ba a rantsar da mai ciki. In ta yi kuskure ko na kalma ɗaya, kan wa zai sauka? Cikin nan nawa ne. Ban yarda a sa ɗana a rantsuwa ba. Ta bari ta haihu, ta yi arba'in, sai ta dafa duk abin da take so."

"Gaskiya ne," in ji wani dattijo. "Ba a yi. Tun kakanni ba a yi."

"Ba a yi kam."

Ta haihu ta yi arba'in! Kafin nan ciyawa ta tsiro a kan Uwaisu.

Hannun Malam ya tsaya da gafakar a tsakaninsa da ita. Ta ga yana so ya miƙo. Ta ga kuma dattawan da ke kallonsa, waɗanda shi da bakinsa ya sha hana su rantsar da matansu masu ciki. A hankali ya mayar da ita kan cinyarsa.

"To ba sai na rantse ba," in ji Barira. "Wayar tana nan. Na san inda yake ɓoye ta. A rumbunmu, cikin tulun iri. A je a duba."

Nababa ya juya ya kalli mataimakinsa, kallon da bai taɓa yi masa ba.

"Iliyasu?"

"A je mana." Ko ƙiftawa bai yi ba.

"Saki igiyar. Miƙa wa wani ya riƙe." Nababa ya dawo da idonsa kan Barira. "Ki ji da kyau. Duk gidan da aka samu wayar nan, mai gidan ne zai hau babur, ko waye shi, ko ubana ne. In kuma ba a same ta ba, na tafi da ƙaninki, kuma ba mai sake tsayar da ni. Tashi ki kai mu."

Ta dafa ƙasa za ta miƙe, nauyi ya mayar da ita.

"Bari in taimaka mata," in ji Iliyasu.

Ya zo ya kama damtsenta a hankali, kamar mijin kirki, har wani yana cewa Allah sarki. Ya sunkuyo yana gyara mata hijabi, bakinsa daf da kunnenta.

"Ba ta rumbu," ya raɗa. "Da safe na zo gaida Baba Malam, ya bar ni ni kaɗai a ɗakin karatu. Tana cikin buhun littattafansa. Ki kai su rumbu ki rasa ƙani, ko ki kai su can ki rasa uba. Zaɓi naki ne, uwargida."

Ya ɗago ta tsaye, ya saki hannunta, ya koma gefe.

Ta kalli Uwaisu a ɗaure. Ta kalli Baba a kan buzu, da farin gemunsa, yana kallonta da fata.

"Barira," in ji Nababa. "Rana na faɗuwa. Ina muka nufa?"